Abin da Faris ta ara daga hotunan Japan

Duk wanda ya koyi buga hoto da hannu yakan gane cewa masu zanen Faransa kamannin hotunan Japan suka fi ara, ba hanyar yin su ba. Mai bugun Japan katakon ceri yake amfani da shi, kusan kowane launi da allonsa. Sai ya shafa launin ruwa haɗe da ɗan kokon shinkafa, ya ɗora takarda mai laima, ya murza bayanta da baren, wani faifan hannu da ake naɗewa da ɓawon gora. Babu inji. Tsaga biyu da ake kira kento, ɗaya a kusurwa ɗaya a gefe, su ke mayar da takarda mazauninta a kowane bugu.

A 1890 aka baje hotunan Japan sama da 700 a makarantar zane ta École des Beaux-Arts da ke Faris. Mary Cassatt, mai zane Ba'amurkiya mazauniyar Faris, ta gani, ta ƙudura samun irin shimfiɗaɗɗen launin Utamaro, mai zanen Japan, amma a farantin jan ƙarfe da tawadar mai. Hotuna 10 ta yi, kowanne kwafi 25, aka nuna su a wajen dillalin zane Durand-Ruel a 1891. A ganina nan ne darasin ya fi yawa.

Kafin faranti ya riƙe launi bai ɗaya, sai an barbaɗa masa garin ƙaro an gasa daga ƙasa, sannan a tsoma shi a asid ya ci tsakanin ƙwayoyin ƙaron, ya bar ƙananan ramukan da tawada za ta zauna. Wuta ta yi yawa, ƙaron ya narke ya haɗe, asid ya rasa ta inda zai ci. Ta yi kaɗan, garin ya zube a cikin asid, launi ya fito dabbare-dabbare. Cassatt takan kai faranti uku a hoto guda, tana dangwala launuka daban-daban a faranti ɗaya da ƙullin tsumma, shi ya sa da wuya kwafi biyu su zo daidai.

Takarda kuwa ita ke ba da wahala. Jiƙaƙƙiya buɗewa take yi. In aka yi jinkiri tsakanin faranti na farko da na biyu sai ta tsuke, launi ya goce daga layinsa. Saboda haka a shafa wa duk farantan tawada tukuna, sannan a buga a jere. Jan ƙarfe kuma yana dusashe rawaya da fari, sai an lulluɓe fuskarsa da siririn ƙarfe.

Mai zanen Faransa Henri Rivière na cikin 'yan kaɗan da suka rungumi katakon da launin ruwan kansu, suna bugawa da hannu yadda ake yi a Japan.