Na samo ainihin muryar mahaifina daga cikin kaset ɗin da ya ƙi yi mini biyayya

'Yan'uwana masu koyon ceto tsofaffin kaset zuwa kwamfuta, yau ina rubuta muku da farin ciki, domin kaset ɗin da ya fi wahalar da ni a cikin duk waɗanda mahaifina ya bari, Allah ya jiƙansa, a ƙarshe ya ba da kai. Baba mutum ne da ba ya son rubuta wasiƙa, amma tun da 'ya'yansa suka watsu suka fara haihuwa, sai ya ɗauki al'adar zama gaban ƙaramar rikodarsa yana yi wa jikoki magana, yana kiran kowa da sunansa, yana ba su labarin ƙuruciyarsa da shekarun da ya yi yana aiki domin kada ɗayanmu ya bar makaranta. Burina shi ne in haɗa waɗannan maganganu wuri guda, kowane gida ya samu nasa.

Matakan farko sun wuce ba tare da wata babbar rigima ba. Na sayi tsohuwar rikoda mai kyau, na canza mata bel, wato robar da ke juya injinta, kuma ba zan ɓoye muku ba, kuɗin ya yi mini ciwo ƙwarai, musamman ganin yadda ɗan robar da bai kai tafin hannu ba ya yi tsada. Na goge kan da ke karanta zare, na mayar da ɗan soson da ya ɓalle a wasu kaset, na juya ɗan notin da ke gefen kan har muryar ta daina fitowa kamar daga cikin bargo. Ina naɗa komai da manhajar gyaran sauti ta Audacity a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, kuma ba na taɓa kwafin farko, sai dai in yi aiki a kan na biyu. Na tsara in gama naɗa dukkan kaset kafin in fara gyara ko ɗaya, amma wannan tsari ya rushe ranar da na saka wani C90, wato kaset mai minti casa'in, da Baba ya rubuta sunan babbar jikarsa a jikinsa.

Maganar ta fito sarai, babu dishewa, amma muryar ba tasa ba ce. Ta yi siriri, tana sauri, kuma yayin da zaren ke tafiya sai ƙara sirancewa take yi, har zuwa ƙarshen gefen farko ta koma kamar ta saurayi mai gaggawa. Baba kuwa mutum ne mai magana a tsanake, mai kaurin murya, wanda yakan yi shiru tsakanin jimla da jimla har sai ka zaci ya gama. Da na kunna wa Yaya, ba ta jira minti ɗaya ba ta ce in kashe, wai wannan ba Baba ba ne. Raina ya ɓaci sosai, domin a wannan kaset ne kaɗai ya ba da labarin mahaifiyarsa, kuma jikokin da aka haifa bayan rasuwarsa ba su da wata hanyar sanin muryarsa sai ta abin da zan miƙa musu.

Rikodata ba ta da laifi, domin sauran kaset suna fitowa daidai. Tun da kamfanin Philips ya fito da wannan nau'in kaset a 1963, gudun zarensa santimita 4.76 ne a kowane sakan, kuma duk rikoda mai lafiya haka take ja. Abin da ya faru shi ne Baba ya yi naɗin da batir, batirin kuma yana mutuwa a hankali, injin yana jan zaren ƙasa da gudun da ya kamata. Idan aka kunna irin wannan zare a cikakken gudu, dole magana ta yi sauri, murya ta hau sama. Sanin dalili bai magance matsalar ba, domin tambayar ita ce nawa zan rage. Na gwada da kunne, na rage kaɗan, na ƙara, na kwana na tashi na sake saurare, kullum sai in ji wani abu daban. Kunne yana sabawa da duk abin da aka daɗe ana ba shi, ga shi kuma kewa tana sa mutum ya ji abin da yake son ji.

Mafita ta zo ne daga wani ƙugi da ke ƙarƙashin maganar, wanda tun farko na ƙudura cewa zan cire shi. A ɗakin da Baba yake zama akwai doguwar fitilar lantarki irin ta da, mai ƙugi, kuma makirfon ya ɗauke shi daga farkon naɗin har ƙarshe. A ƙasashen da wutar lantarki ke juyawa sau 50 a sakan, irin wannan fitila tana ƙugi ne a 100 Hz, wato kaɗawa sau 100 a sakan, a inda kuma wutar take 60, kamar Amurka, ƙugin yana 120 Hz. Na zaɓi wani wuri da Baba ya yi dogon shiru, na buɗe Plot Spectrum, wurin da Audacity ke zana yawan kaɗawar sauti, sai ga tsinin ƙugin a tsaye a 106, ba a 100 ba. Wato zaren yana gudu da ƙarin kashi 6 cikin ɗari, kuma masu kiɗa sun san cewa wannan ya kai kusan rabin mataki a hawan murya, wanda ya isa ya sauya mutum. Na auna a tsakiya, na auna a ƙarshe, inda ya kai 111. Da na raba 100 da kowane adadi, na samu gwargwadon ragin da kowane wuri yake buƙata.

Ina jan hankalinku a nan, domin Audacity yana da hanyar sauya kaifin murya ba tare da taɓa sauri ba, kuma ba ita ake so ba. Zaren ya ɓata sauri da kaifi ne a tare, saboda haka a tare za a mayar da su. Tunda lalacewar a hankali ta riƙa ƙaruwa, ban yanka naɗin gunduwa-gunduwa ba, sai na yi amfani da Time Track, layin da ke sauya gudun naɗi a hankali, na sa alamomi a wuraren da na auna, ragin ya riƙa ƙaruwa a hankali daga wannan alama zuwa waccan. Wutar lantarki kanta takan ɗan kauce daga 50, don haka ban ɗauki lissafin a matsayin hukuncin ƙarshe ba. Na gwada sakamakon da wani kaset da Baba ya naɗa lafiya, inda yake yin sallama iri ɗaya da wadda yake buɗe kowace magana da ita, kuma sallamomin biyu suka zo daidai a tsawo da kauri.

Na sake kiran Yaya. Ta saurara har ƙarshen gefen, ta ce in mayar da wurin da yake gaya wa jikarsa ta riƙa kula da ƙannenta, sannan ta nemi in tura mata a daren. Ina alfahari da wannan aiki fiye da duk abin da na taɓa yi a wannan sana'a. Bayan na daidaita gudun, ƙugin ya koma mazauninsa, sai na rage shi da siririyar matatar sauti a 100 da 200 Hz, na kuma taɓa hayaniyar zaren kaɗan kawai. A ganina yawan tsaftacewa yana cinye murya, yana mayar da ita kamar ana magana a cikin ruwa, don haka na bar tarinsa, da ƙarar kujerarsa, da dariyar da ya yi lokacin da wani yaro ya shigo ya katse shi.

Yanzu saura wani C120, mai minti ɗari da ashirin, wanda zarensa ya fi na C90 siriri, ya kuma cukuikuye kusa da farko, ga shi gidansa manne yake, babu noti ko ɗaya. Niyyata in fasa gidan a hankali in mayar da zaren cikin wani mai noti, amma ina so in ji daga wanda ya taɓa miƙar da cukuikuyayyen zare irin wannan ba tare da ya tsinke ba, kafin in sa masa hannu.