Vardø: Tsibirin da Aka Ƙona Mayu a Ƙuryar Norwe

Daga Kirkenes na hau jirgin ruwan Hurtigruten zuwa Vardø, garin da ke ƙarshen gabashin Norwe, dab da Rasha. Mai son mota sai ya bi titin E75 ta Vadsø, ya shiga hanyar ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1982, mai tsawon kusan kilomita 3. Mutanen garin ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Ka zo da rigar da iska ba ta ratsawa ko da rani ne, domin babu bishiyar da za ta kāre ka. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu kuwa rana ba ta fitowa sam.

Daga tashar jirgi na taka da ƙafa zuwa Steilneset, inda ake jin a nan aka riƙa ƙona waɗanda aka yanke wa hukuncin maita. Sarauniya Sonja ce ta buɗe ginin tunawa da su a 2011. Mai zanen gine-gine Peter Zumthor ya zana wani dogon zaure na mita 125, an rataye shi a kan katakai irin na shanyar kifi. Taga 91 gare shi, kowace da ƙwan lantarki guda, a gefenta sunan mutum ɗaya da abin da kotu ta ce ya aikata. Mata 77, maza 14, duk an kashe su a lardin Finnmark cikin ƙarni na 17. Masaniyar tarihi Liv Helene Willumsen ce ta tsamo bayanan daga takardun kotu. Da yaren Norwe aka rubuta bayanan da ke gefen tagogin, saboda haka nemi ɗan littafin fassara kafin ka fara bi. A gefe akwai ɗakin baƙin gilashi mai ɗauke da aikin mai fasaha Louise Bourgeois: kujerar ƙarfe wuta na ci a kanta, madubai bakwai sun kewaye ta.

Yadda shari'ar ke tafiya shi ya fi tsayar da ni. A jajibirin Kirsimeti na 1617 guguwa ta kifar da jiragen masunta goma, maza 40 suka nutse. A shekarar ce kuma Christian na Huɗu, sarkin Denmark da Norwe, ya kafa doka mai tsanani a kan maita. Da John Cunningham, mutumin Sikotilan, ya zama gwamna a sansanin Vardøhus a 1619, sai aka fara neman wanda ya tayar da iskar. A 1621 aka matsa wa mata suka ce su ne suka kwance ƙullin igiya suka saki guguwa.

Wadda ta musanta, sai a ɗaure mata hannu da ƙafa a jefa ta teku. In ta nutse ba ta da laifi, in ta taso ruwa ya ƙi ta, mayya ce. Jikin da ke da iska a huhu kuwa tasowa yake yi, balle a ruwan gishiri. Daga nan sai azaba, sai a ce ta faɗi abokan tafiyarta. Kowace ta ambaci wasu, su ma a kamo su; shi ya sa kisan ya zo a dunƙule, a 1621, da 1652 zuwa 1653, da 1662 zuwa 1663. Doka ta hana azabtarwa kafin hukunci, amma Kofanhagan, inda fadar sarki take, na da nisa, alƙalin ɗaukaka ƙara kuma ba kullum yake isowa ba.

A zagaye na ƙarshe har 'yan mata ƙanana aka tsare, suka ce sun je biki wurin Shaiɗan a dutsen Domen, wanda ake hangowa a hayin teku. Da alƙali Mandrup Schønnebøl ya iso a 1663 ya sallami yaran, amma an riga an ƙona mata 18.

Mazan da aka kashe yawancinsu 'yan ƙabilar Sami ne, wasunsu masu ganga da duba. Anders Poulsen, wani tsoho da aka gurfanar a Vadsø a 1692, ba a ma kai ga hukunci ba wani ya sare shi da gatari yana tsare. Sansanin Vardøhus na nan kusa da Steilneset, tafiyar 'yan mintuna, sai dai ginin da ke tsaye yanzu na shekarun 1730 ne, ba shi ne aka tsare matan a ciki ba.