Igiyar da ke tafiya ruwa na kwance

Gwajin farko na shimfiɗa ruwa a kan ruwan gishiri mai nauyi, don nuna igiyar ruwa da ke tashi a tsakaninsu, a hannuna ya ɓaci. Na narka gishiri cikin ruwan zoɓo, na zuba a akwatin gilashi irin na kiwon kifi, sannan na juye ruwan famfo a kai da garaje. Nan take komai ya cakuɗe, ɗalibaina suka yi ta dariya. Washegari sai na ɗora soso a kan ruwan gishirin, ina tsiyaya ruwa a kansa da ludayi kaɗan-kaɗan. Kusan rabin awa na ɓata, amma ja ya kwanta a ƙasa, fari ya zauna a sama.

Na ɗaura zare a ɗan guntun katako na ja shi a hankali. Saman ruwan ko gezau. A tsakiya kuwa, inda ja ya haɗu da fari, wata igiyar ruwa ta tashi tana bin katakon, tafiyarta kamar ta hawainiya. Wata yarinya ta ce, "Malam, me ya hana ta sauri?" Bambancin nauyin ruwan biyu ne ba shi da yawa, don haka ƙarfin da ke mayar da kowanne mazauninsa rarrauna ne. Irin wannan igiya ce ta riƙe Fram, jirgin ruwan mai bincike ɗan Norway Fridtjof Nansen, a gaɓar Sibiriya a 1893, sai a 1904 masanin teku Ekman ya bayyana dalili.

Abin da na fi so su gane shi ne iska ma hawa-hawa take. Da asubar hunturu, dubi hayaƙin murhu: yakan tashi kaɗan ya shimfiɗe, domin iska mai sanyi da nauyi ce a ƙasa, mai ɗumi a bisanta. In dutse ko hadari ya tunkuɗa iskar zuwa sama, takan dawo, ta zarce ƙasa, ta sake hawa, zagaye guda kamar minti 10. A tudun igiyar iska kan yi sanyi gajimare ya haɗu, a kwarinta ya watse. Shi ya sa wani lokaci ake ganin gajimare jere kamar kunyoyin gona.

Kuskure na biyu ma nawa ne: na ja zaren da ƙarfi don su gani da kyau, igiyar ta karye, ruwan hoda ya bazu a tsakiya. Wanda muka sake haɗawa muka bar shi a kan tebur, har bayan kwana uku ja na ƙasa, fari na sama.