Motar da ta tsaya jiran kujera

Ranar da na fara ɗaga ƙwaryar kujerar tsere da hannuna, na tattara ƙarfi ne kamar zan ɗauki kujerar mota irin wadda na saba gani, sai kawai ta biyo hannuna sama kamar kwali. Baƙa ce wuluk, tana sheƙi, kana hango saƙar zaren kabon a ƙarƙashin fenti mai haske, layi bisa layi, babu inda ya karkace. Ba ta kwanciya baya, ba ta da injin da ke matsar da ita, gefunanta sun taso kamar za su rungume mutum daga cinya har kafaɗa, ga ramuka a sama inda madaurin bel na tsere ke bi. A lokacin kallon kayan ado nake mata. Ban san cewa wannan abu marar nauyi zai iya tsayar da mota sukutum a masana'anta na tsawon watanni ba.

Aikina shi ne karɓar oda a wani kamfanin dillancin motocin gudu. Mai saye zai zauna, mu bi zaɓin ɗaya bayan ɗaya: launi, ƙafafu, birki, kujeru. In tura wa masana'anta, su ba mu makon da za a harhaɗa motar, ni kuma in riƙa bibiya har ta iso. Cikin masu zuwa, da wuya ka ga wanda ya san mota bai tsaya a kan kujera ba, kuma suna da hujja. Kujerar alfarma mai injina da abin ɗumama jiki da dogayen ƙarafan zamewa nauyi gare ta, alhali duk kilo ɗaya da aka rage a motar gudu ana jin sa a birki da kwana. Lokacin da Alpine ta fito da A110 a 2017, har nauyin kujerarta ta riƙa faɗa da alfahari, kilo 13.1 kowace ɗaya, aikin kamfanin Sabelt na Italiya. BMW ta ce kujerun kabon na motocinta M3 da M4 suna rage kilo 9.6 idan aka kwatanta da na asali. Porsche kuwa ta ɗauko samfurin kujerar motarta 918 Spyder ta sa shi cikin zaɓin motocinta GT3 da GT4. Amma abin da direbobi suka fi faɗa mini ba nauyi ba ne. Cewa suke idan kujera ta riƙe ka, ba sai ka dafe sitiyari ko ka tokare gwiwa da ƙofa ba idan ka shiga kwana da gudu. Hannunka ya huta da riƙe jikinka, ya koma tuƙi kawai.

Akwai wani dattijo, mutum mai sanyin magana, wanda ke kai motarsa filin tsere a ranakun da ake buɗe wa masu sha'awa. Ya zaɓi kujerun kabon tun kafin ya zaɓi launi. Kwamfuta ta nuna mini makon haɗa motar, na ƙirga kwanakin jirgin ruwa a kai, na dube shi na ce, "Ranka ya daɗe, kafin wata kaza ya ƙare motarka tana hannunka." Haka na faɗa, ba "ana sa rai", ba "idan komai ya tafi daidai". Na ɗauki hasashen wasu na mayar da shi alkawarina.

Makon ya matsa. Na ce a raina ƙaramin abu ne, ban kira shi ba. Ya sake matsawa, wannan karon da saƙo mai layi ɗaya cewa kujerun kabon sun yi ƙaranci, duk odar da ke ɗauke da su a dakace take. Nan ma na yi shiru na kwana biyu, ina fatan abin zai warware kafin ya tambaya. Da ya matsa karo na uku, shi ne ya kira ni. Na yi masa bayani, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, na sayar da tsohuwar a kan maganarka. Da ka ce mini ba ka da tabbas, da na riƙe ta." Bai ɗaga murya ba. Har yau idan na tuna wannan kiran sai in ji nauyi a ƙirjina, domin ƙarancin kujera ba laifina ba ne, amma zamansa ba mota a lokacin da ya tsara fita filin tsere, wannan daga bakina ya fito.

Daga ranar na ƙudura sai na san yadda ake yin abin da nake sayarwa, kuma abin da na gano ya sauya mini kallon aikin gaba ɗaya. Da farko dai, yawancin kamfanonin mota ba su ke yin kujerunsu ba. Kujerun motocin yau da kullum manyan kamfanoni irin su Lear da Adient da Forvia ke samar da su dubbai-dubbai. Na tsere kuwa suna hannun 'yan tsirarun ƙwararru, irin su Recaro da Sabelt da Sparco, ko ƙananan masana'antun da suka iya sarrafa kabon. Shi kansa zaren kabon daga wani zaren roba ake samo shi, a gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000 har sai kusan kabon zalla ya rage. Masu yin sa a duniya ba su da yawa: Toray da Teijin da Mitsubishi Chemical a Japan, Hexcel a Amurka, SGL a Jamus, da wasu kaɗan. Kuma masu kujerar mota ƙananan masu saye ne a wannan kasuwa. Suna layi ɗaya da masu ƙera jiragen sama, inda kusan rabin nauyin Boeing 787 irin wannan haɗi ne, da masu yin fukafukan injinan samar da lantarki daga iska.

Sai kuma aikin hannu, wanda shi ya fi ba ni mamaki. A hanyar da aka fi sani, yadin kabon yana zuwa ne an riga an jiƙa shi da wani irin ƙaro, ana ajiye shi a firiza a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, kuma yana da wa'adi, idan ya wuce ya lalace. Ke nan ba kaya ba ne da za a jibge a sito a manta da shi. Ma'aikaci zai yanka shi gunduwa-gunduwa, ya shimfiɗa a cikin mazubi, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace da inda zarenta zai fuskanta, domin ƙarfin kujerar yana bin hanyar zaren ne. A rufe da leda a zuƙe iska, a sa a tanda mai zafi da matsi na sa'o'i. Mazubi ɗaya, ƙwarya ɗaya, sai ta fito a sa wata. Idan kujerar irin wadda ake barin saƙar a fili ce, ƙaramin kumfan iska ko zare ɗaya da ya goce ya isa a ajiye ta gefe, ko da ƙarfinta lafiya lau ne, don mai saye zai gani.

A nan na fahimci ainihin inda gizo ke saƙar. Yawan mazubin da za a yi, tun kafin motar ta shiga kasuwa ake yanke shi, a kan hasashen mutum nawa cikin masu saye za su zaɓi kujerar. Idan aka yi hasashen kaɗan, sai jama'a suka yi ca a kanta, babu yadda za a ninka aikin cikin mako guda. Sabon mazubi watanni yake ci, haka horar da hannun da zai shimfiɗa yadin. Kuma masana'antun mota na zamani ba sa tara kaya. Tsarin da Toyota ta shahara da shi, na kawo kaya daidai lokacin da ake buƙatarsa, ya game ko'ina, kujeru ma a jere suke isowa, kowane saiti da lambar motar da zai shiga. Idan saitin bai zo ba, ba a ma fara motar.

Da na ji haka sai na yi tunanin na samo mafita: a kawo motar da kujerun asali, idan na kabon sun samu mu sauya a garejinmu. Na kai wa shugaban makanikanmu shawarar. Bai ce komai ba, ya ja ni wajen wata mota, ya zame kujerar baya, ya haska fitila a ƙarƙashinta. Wayoyi ne da filogi masu launin rawaya. Ya nuna mini wadda ke zuwa jakar iskar da ke ɓoye a gefen kujera, mai kumbura ta kare mutum idan an yi karo, da ta na'urar da ke gane akwai mutum a zaune, da ta makullin bel. Ya ce, "Wannan ba kujera ba ce kawai, ƙanena. Da ita aka yi wa motar gwajin karo." Kwamfutar motar an saita ta ne a kan irin kujerar da ta fito da ita. Akwai ƙa'ida ta 17 ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙarfin kujeru da inda ake ɗaure su, akwai kuma ta 14 a kan maɗaurin bel. Kujerar tsere ta kasuwa mai tambarin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ita ma da nata sharaɗin, wadda ke kan ƙa'idar 8855-1999 shekara biyar ne wa'adinta a gasa, kuma an yi ta ne don motar da ke da kejin ƙarfe da bel mai madauri da yawa da hular kwano, ba ta da jakar iska. Ana iya sauya kujera da kayan kamfani na asali, amma aiki ne babba, kuma kujerar da babu ita a masana'anta ba za a same ta a kantin kayan gyara ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ranar na ga nawa.

Shekarun nan sun nuna cewa abin ya wuce kujera ɗaya. A 2021 ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarki ya sa aka riƙa cire wasu zaɓuɓɓuka daga motoci. A watan Maris na 2022 yaƙin Yukren ya katse wayoyin mota da kamfanin Leoni ke harhaɗawa a can, har layukan haɗa motoci na Porsche da BMW da Volkswagen suka tsaya. Sai kuma wanda ya fi taɓa mu: a watan Yulin 2024 Recaro Automotive da ke Kirchheim unter Teck a Jamus ta shiga kotu kan gaza biyan bashi. Wannan suna ne da tushensa ya kai 1906, lokacin da Wilhelm Reutter ya buɗe wajen ƙera jikin mota a Stuttgart. Su suka yi wa Porsche 356 jiki, suka sayar wa Porsche masana'antar a 1963 suka koma kujeru, suka fito da kujerarsu ta gudu ta farko a 1965. Bayan 'yan watanni da shigarsu kotu, Ineos ta dakatar da haɗa Grenadier mai amfani da kujerun Recaro a Hambach ta Faransa, motar daji ce ma ba ta tsere ba, sai a Janairun 2025 aka ci gaba. Kamfanin Proma na Italiya ne ya karɓi harkar Recaro ɗin. Duk wanda ya ɗauka tsohon suna ba ya girgiza, wannan ya ishe shi.

Ina da ƙorafi a kan yadda masana'antu ke tafiyar da irin wannan yanayi. Sun san kujeru nawa ke fitowa a mako tun kafin mu sani, amma sai su bar zaɓin a buɗe, oda na ta taruwa, sannan labari ya iso mana a layi ɗaya bayan mutane sun riga sun tsara rayuwarsu. Da rufe zaɓin aka yi da wuri, ko aka rubuta a gefensa cewa yana iya jawo jinkiri, da an rage ɓacin rai da yawa. To amma wannan ba a hannuna yake ba. Abin da ke hannuna shi ne bakina da wayata.

Yanzu idan mutum ya nuna kujerar kabon, kafin in danna komai nake gaya masa cewa wannan zaɓin na iya riƙe motar, in kuma raba masa magana biyu: ga abin da masana'anta ta tabbatar, ga abin da hasashe ne. Ina ce masa kada ya saki motar da yake hawa sai an fara haɗa sabuwar. Idan mako ya matsa, ranar nake kira, ko da ba ni da wani albishir da zan haɗa da shi. Na kuma koyi sa mutum ya zauna a cikin kujerar, ba na minti ɗaya ba. In bar shi ya shiga ya fita sau uku ko huɗu, ya tsallake wannan gefen mai tsayi, ya ji yadda take matse ƙugu, ya tuna cewa bayanta ba ya kwanciya idan tafiya ta yi nisa. Da dama sukan fito su ce a bar musu ta asali, motarsu ta zo da wuri, kuma kujerar da ta yi ƙaranci ta tafi ga wanda zai yi amfani da ita da gaske.

Dattijon nan na ba shi zaɓi, ko ya karɓi kujerun asali motar ta shiga layi nan kusa, ko ya jira. Ya ce zai jira, da sharaɗin in riƙa kiransa duk mako ko da babu sabon labari. Na riƙa kira. Wasu makonnin maganar ba ta wuce gaisuwa da "har yanzu shiru, ranka ya daɗe" ba. Ranar da motar ta iso, bai zagaya ta ba, bai duba fenti ba. Ya buɗe ƙofa, ya dafa gefen kujerar, ya zura ƙafa ya zauna a hankali, ya matso da ita gaba kaɗan har gwiwarsa ta yi daidai. Ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in miƙo masa takardun ya sa hannu a nan inda yake zaune.