Fiyus ɗin mota ba sai an je gareji ba

Jama'ar Maradi masu mota, idan oda ko fitila ɗaya ta mutu kwatsam, a fara duba fiyus, ɗan abin nan da ke tsinkewa ya yanke wuta idan ta yi yawa. Jiya da na tashi zuwa Tibiri rediyon motata ya yi shiru. Na kashe inji, na zare makulli, na buɗe akwatin da ke ƙarƙashin sitiyari. A bayan murfinsa akwai zanen da ke nuna aikin kowane fiyus. Na ciro na rediyo, na ɗaga shi a rana, sai ga siririn ƙarfen cikinsa ya tsinke, robar ta ɗan yi baƙi. Na sa sabo mai lamba 10, ja kamar wancan, rediyo ya dawo.

Lambar nan ce abin kula. Shuɗi 15 ne, rawaya 20, kore 30. Kada ka sa mai babbar lamba a gurbin mai ƙaramar lamba.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne masu naɗa waya ko takardar sigari a wurin fiyus. Wallahi haka wayoyi ke zafi har mota ta kama wuta da iyali a ciki. Idan sabon fiyus ya sake ƙonewa nan take, mai yiwuwa akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, wannan kam sai mai gyaran wutar mota.