Baƙuwar Kaza a Tsakar Gida

Duk mai kiwon kaji a gida ya san lokacin da zuciya ke cewa a je kasuwa a ƙaro. Ko tsofaffin sun rage ƙwai, ko an yanka wasu da Sallah, akurki ya yi fayau. A shekarun da na yi ina kiwo a bayan gidanmu, na fahimci cewa ranar da ka shigo da sabuwar kaza ita ce rana mafi haɗari ga kajin da kake da su.

Yawancin mutane faɗa suke tsoro. Ni ciwo ne ya fi ba ni tsoro, musamman fakat, wanda likitocin dabbobi ke kira Newcastle. Kaza takan ɗauki ciwon ta yi kwana 5 ko 6, wani lokaci har mako 2, tana cin abinci, tana tafiyarta garau, kafin alama ta fito. Sai ka wayi gari ka ga koren kashi, fukafukai a sake, tana buɗe baki tana neman numfashi, wata ma wuyanta ya murɗe. Kafin nan ta riga ta sha ruwa a kasko ɗaya da sauran. Abin da ya sa kasuwa ta zama abin tsoro kuwa sananne ne: da zarar ciwo ya faɗa wa ƙauye, masu kaji sukan yi maza su kai na rayen kasuwa kafin su yi asara duka. Ba na ganin laifinsu sosai, talauci ne. Amma idan ka ga kaji sun yi araha ba dalili, musamman da hunturu lokacin da ciwon ya fi yaɗuwa, ka riƙe kuɗinka. Wanda ya ga yadda murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006 ta kuma bazu zuwa wasu jihohi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Don haka duk kazar da ta shigo gidanmu, ko kyauta ce daga hannun ɗan'uwa, sai ta yi wata guda ita kaɗai. Nakan kai ta can wani lungu, nesa da akurki, da kaskon ruwanta da na dusarta. Tsofaffin nake fara ba abinci, ita ce ta ƙarshe, sannan in wanke hannu, in bar takalmin da na shiga wurinta a nan. Yara su ne matsala, domin ba sa jure ganin sabuwar kaza a ɗaure; sai an zaunar da su an yi musu bayani. A cikin wannan watan nake ɗaga fiffikenta in duba ƙarƙashi da gindin wutsiya, inda ƙwarƙwata da ƙuma ke ɓuya, in zuba mata toka da rairayi ta yi wanka. Idan ta nuna lafiya, sai a yi mata rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin na fakat, har da I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido, kuma ana maimaita shi bayan wata 3 zuwa 4. Kazar da ta riga ta kamu ba a yi mata, ba ya warkarwa.

Sai maganar faɗa. Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, kowace ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Wani masani ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya rubuta wannan tun farkon shekarun 1920, amma iyayenmu mata sun daɗe da saninsa daga kallon tsakar gida. Baƙuwa ba ta da matsayi, dole sai an gwada ta. Abin da nake yi shi ne in kife ta da babban kwando ko in raba su da waya mai raga har mako guda, suna ganin juna, suna cin tsaba kusa da juna, baki bai kai ba. Ranar farko za ka ga uwar garken tana zagaye ragar, wuya a miƙe, gashi a tashe. Zuwa kwana na 4 ko na 5 takan wuce ko kallo ba ta yi. Daga nan nake sa baƙuwar cikin akurki da daddare, lokacin da duk sun lafa, kuma in tashi da asuba in tsaya a kansu.

Za a sare ta, babu makawa, kuma ba na shiga tsakani don ɗan sara da kora. Jini ne iyakata. Kaji in sun ga ja sukan yi wa wurin rubdugu, suna iya kashe ta kafin azahar, saboda haka da na ga rauni nake ɗauke ta har ya warke. Muguntar da ta fi ɓoyuwa ita ce hana ci. Babba takan tsaya a bakin kasko, baƙuwa ta wuni a bayan turmi, mai gida yana zaton ta ci. Taɓa maƙoƙonta da yamma; in ka ji shi wayam, ƙara kasko na biyu da na uku a inda mai tsaron ba za ta iya ganinsu gaba ɗaya ba.

Na daina kawo kaza ɗaya tilo. Biyu ko uku sun fi, saran yakan rabu a kansu. Ba na kuma haɗa sagara da manya sai ta kusa kai girmansu. Kajin gidan gona, irin su Shika Brown da aka samar a Zariya, sun fi bukatar kulawa in za su shiga cikin kajin Hausa, don sun tashi a keji, ba su san gudu ba, ba su san shaho ba. Su nakan ƙara musu mako guda a bayan raga kafin in sake su.