Daga York zuwa Stratford a sawun Judi Dench

Na kama jirgin ƙasa daga tashar King's Cross a Landan, cikin kusan awa biyu sai ga ni a York, garin da aka haifi 'yar wasan kwaikwayo Judi Dench a 1934. Tikitin da ake saya tun da wuri ya fi araha, amma na jirgi ɗaya ne tak. In ya wuce ka, sai ka sake biya.

Daga tasha tafiyar minti goma ce zuwa Museum Gardens, ta gadar Lendal. A ƙasan gadar, a bakin kogin Ouse, akwai wata 'yar hanya da aka raɗa wa sunanta. Shiga lambun kyauta ne. A ciki akwai kufan majami'ar St Mary's Abbey, tsayayyun bangaye da tagogi ba gilashi, ba rufi. A nan ta fito a matsayin Maryamu a wasannin addini na garin a 1957, shekarar da ta fara wasa da kamfanin wasan kwaikwayo na Old Vic a matsayin Ophelia, a wasan Hamlet na Shakespeare.

Zuwa Stratford-upon-Avon sai an bi ta Birmingham, kuma nan baƙo ke rikicewa. Jirgin York a New Street yake saukewa, na Stratford kuwa daga Moor Street yake tashi, sai an taka da ƙafa. A kula wajen sayen tikiti: in aka rubuta "Stratford" kawai, wata unguwa ce a gabashin Landan.

Babban gidan wasan Royal Shakespeare Company, kamfanin da Judi Dench ta shiga a 1961, yana gaɓar kogin Avon. Ni dai abin da ya kai ni The Other Place ne, ƙaramin gidan wasan kamfanin. A 1976 rumfar kwano ce kawai, a ciki darakta Trevor Nunn ya shirya wasan Macbeth na Shakespeare da ita da ɗan wasa Ian McKellen. Da'ira aka zana a ƙasa, 'yan wasa na zaune a gefenta kan akwatuna, 'yan kallo dab da su har suna jin numfashinsu. Wannan kusancin shi ya ba wasan ƙarfi, don ba sai ta ɗaga murya ba. An rufe rumfar a 1989, ginin da ke wurin yanzu wani ne daban. Wasan 1976 ba shi ne karonta na farko a matsayin matar Macbeth ba: ta taka rawar tun 1963, a rangadin da 'yan Nottingham Playhouse suka yi a Afirka ta Yamma.

Turawan Ingila da yawa a talabijin suka san ta, a shirin As Time Goes By da aka fara a 1992, mu kuma a finafinan James Bond. Duka sun zo ne bayan ta shafe fiye da shekara talatin a kan dandamali.

Mai son kallon wasan dare ya nemi masauki a Stratford, domin wasan Shakespeare kan kai awa uku, jiragen dare kuma ba su da yawa.